Wa Zai Riƙe Injin, Ranka Ya Daɗe?

Ranku ya daɗe, gwamnoninmu na Arewa, da ku nake. Mun gaji da ganin hotunanku a Dubai da Beijin da Landan kuna musabaha da masu kwat, ana miƙa muku alƙalami kuna sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna, sannan ku dawo a tara 'yan jarida a filin jirgi a ce an samo masu zuba jari. Shekara ta zagayo a kama babban ɗakin taro, a buga jakunkuna da kalanda, a ambaci biliyoyin daloli. Wata shekarar ta zagayo, filin da aka aza harsashi a cikinsa ya koma wurin kiwon awaki. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton jarin da ke shigowa daga waje duk bayan wata uku, kuma duk mai duba shi ya san kusan komai a Legas da Abuja yake sauka, yawancin jihohi kuwa sifiri ake rubuta musu.

Na san amsar da za ku ba ni: babu wuta, babu tsaro, dala ba ta tsayawa wuri ɗaya. Duk gaskiya ne, kuma waɗannan sun kori kamfanoni da dama daga ƙasar nan. Amma waɗannan kuna da inda za ku jingina su, ku ce laifin Abuja ne. Akwai abu guda da yake hannunku ɗungurungum, babu wanda za ku ɗora wa: makarantun koyon sana'a na jiha, da kwalejojin kimiyya da fasaha na jiha, da jami'o'in da kuka kafa da kanku. Nan ne kuka gaza, kuma gazawar ta fi ta ko'ina muni, domin ta shafi 'ya'yan mutane kai tsaye.

Mai jari na gaske, wanda zai kafa masana'anta ya zauna shekara ashirin, ba ya yanke shawara a wurin liyafa. Kafin ya ɗauko inji ko ɗaya sai ya turo mutanensa, su kuwa tambayoyinsu ba su da daɗin ji. In mun kafa layin injuna uku, ina za mu sami mutum ɗari biyu da za su iya karanta zanen injiniya? Wa zai iya auna ƙarfe daidai wa daida, har abin da bai kai kaurin gashi ba? Akwai masu waldar da za su haɗa bututun gas a haska shi da na'ura a ga babu ko ƙofar allura? In inji ya tsaya ƙarfe biyun dare, wa zai buɗe akwatin lantarkinsa ya gane abin da ya ƙone? In amsar ita ce sai an ɗauko daga Indiya, nan take zai ɗauki alƙalami ya lissafa kuɗin jirgi, da gida, da izinin zama, da albashin dala. Ya ɗora wannan a kan kuɗin janareta da na masu gadi, ya ajiye lissafin kusa da na wata ƙasa. Daga nan ba za ku sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ba zai rubuto muku dalili ba.

Abin takaicin shi ne magabatanku sun san wannan sarai. A 1956 aka buɗe cibiyar koyar da fasaha a Kaduna, wadda daga baya, a 1968, ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ku dubi jerin shekarun nan da kyau: makaranta ce ta riga masaƙa. Cikin shekarun 1960 masu jari daga Hong Kong suka zo suka kafa masaƙar UNTL, na Japan suka zo da Arewa Textiles, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma kwalejin Kaduna da jami'ar Zariya duk suka sami sassan koyar da fasahar saƙa. A 1975 Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna. Sardauna da mutanensa sun gane cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masaƙun nan sun mutu daga baya, KTL a 2002, UNTL a 2007, saboda fasa-ƙwaurin atamfa da tsadar baƙin mai da rashin wuta da lalacewar noman auduga. Ba ƙarancin ma'aikata ne ya kashe su ba. Sai dai da suka mutu, babu gwamnati ɗaya da ta tsaya ta ce dubban ƙwararrun nan, masu gyaran injin saƙa da masu lantarki da masu tukunyar tururi, dukiya ce da za a iya tallata wa wani mai jarin, ko a mayar da su malamai su koya wa na baya. Aka bar su suka koma acaba da gadi, wasu suka mutu suna jiran haƙƙinsu.

A Singafo an taɓa samun irin wannan rugujewa, amma dubi abin da suka yi da ita. Cikin shekarun 1970 hukumar raya tattalin arzikinsu ta haɗa kai da kamfanonin waje ta kafa cibiyoyin horo, ɗaya da Tata na Indiya, ɗaya da Rollei na Jamus mai ƙera kyamara, ɗaya da Philips na Holan. Sharaɗin shi ne a horar da yara fiye da abin da kamfanin ke buƙata, ragowar su zama abin jawo wani kamfanin. A 1981 Rollei ya karye, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Amma mutane ne da suka iya aikin ƙarfe mai tsananin laushi, don haka da masu ƙera faifan ajiyar bayanai na kwamfuta irin su Seagate suka zo neman wuri, sun tarar da ma'aikata a shirye. Kamfani ya mutu, gwanintar ta zauna a hannun mutane, gwamnati kuma ta san darajarta.

In kun ce Singafo ta yi nisa, mu dawo Afirka, ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu. A Fabrairun 2012 Sarki Muhammad na Shida ya buɗe masana'antar motoci ta Renault kusa da Tanja a Maroko. Tun kafin ranar, a 2011, an riga an buɗe makarantar horo a jikin masana'antar. Gwamnatin Maroko ce ta biya kuɗin gina ta, ta miƙa wa kamfanin ya gudanar da ita da manhajarsa, domin shi ya san irin hannun da yake so. Aka ɗebi 'yan ƙasa aka tura su masana'antun Renault na wasu ƙasashe suka koyo aikin, suka dawo suka koya wa dubbai. Ranar da aka kunna injin farko, akwai waɗanda suka san maɓallin da za su danna. A shekarar 2011 ɗin dai suka buɗe wata makarantar kusa da filin jirgin Kasabalanka don sana'o'in ƙera kayan jirgin sama, ita ma ƙungiyar kamfanonin ce ke tafiyar da ita. A ƙarƙashin duk wannan akwai hukumar koyar da sana'o'i ta ƙasa, OFPPT, da suka kafa tun 1974, mai ɗaruruwan cibiyoyi a faɗin ƙasar. Yau Maroko na ƙera motoci fiye da 500,000 a shekara, kuma mota na sahun gaba cikin abin da take sayarwa waje. Dubban 'yan mata ne ke aiki a masana'antun harhaɗa wayoyin lantarki na mota a Tanja da Kenitra, suna ɗaukar albashi duk wata.

I, Maroko na da abin da ba mu da shi. Tsakaninta da Sifen kilomita 14 ne na ruwa, tana da tashar jiragen ruwa ta Tanja Med, tana da yarjejeniyar ciniki da Turai. Amma ku ji wannan, ku bar shi ya zauna muku a rai: Peugeot ta zo Kaduna a 1975, ba ta buɗe masana'antarta ta Kenitra ba sai 2019. Mun riga su samun masana'antar Peugeot da shekara 44. Su yau suna loda wa jiragen ruwa motoci zuwa Turai, mu kuwa abin da ake harhaɗawa a Kaduna bai taka kara ya karya ba, titunanmu cike da gwanjon Kwatano. Shekara arba'in da huɗu ta isa a yaye injiniyoyi da masu fasaha zuri'a biyu, har su fara ƙera kayan gyara da kansu. Ba a yi ba.

Akwai kuma Kosta Rika, 'yar ƙaramar ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka, wadda mutanenta a lokacin ba su kai miliyan huɗu ba, ba su kai na birnin Kano na yau ba. A Nuwamban 1996 kamfanin Intel ya sanar zai kafa masana'antar dala miliyan 300 a can, ya tsallake Meziko da Burazil da Chile. Ƙasar ta rushe rundunar sojanta tun 1948 ta karkata kuɗi ga makarantu da asibitoci, ta kafa hukumar koyar da sana'o'i a 1965, ta kafa cibiyar fasaha a garin Kartago a 1971. Duk da haka mutanen Intel sun ce ba su gamsu da yawan masu fasahar lantarki da masu jin Turanci ba. Me gwamnatin ta yi? Shugaban ƙasa José María Figueres da kansa ya sa hannu a maganar, aka zauna da kamfanin da malaman cibiyar fasaha, aka tsara sababbin kwasa-kwasai gajeru daidai da buƙatar masana'antar. Ba su ce manhajarmu ta fi ƙarfin a taɓa ta ba. A 2014 Intel ya rufe sashen harhaɗawa ya sallami mutum 1,500, amma ƙasar ba ta durƙushe ba, domin kamfanonin ƙera kayan asibiti irin su Abbott da Boston Scientific sun riga sun biyo sawun ƙwararrun, har kayan asibiti suka zama babban abin da take fitarwa.

Yanzu mu leƙa namu gidan. Kwanakin baya na raka ɗan ƙanwata wata makarantar koyon sana'a ta gwamnatin jiha, yana son karatun walda da ƙira. Aka buɗe mana ɗakin aikin hannu. Injinan ferayar ƙarfe guda shida a jere, manya, irin na da masu ƙwari, amma ƙura ta rufe su, kashin tantabaru a kansu, rufin kwano ya yaye ta kusurwa ɗaya. Malamin dattijo ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Na ce, "Malam, yaushe rabon da a kunna waɗannan?" Ya ce, "Alhaji, tun da aka sace wayar da ta shigo da wuta ba a mayar ba. Ɗaliban da ke aji uku yanzu ba su taɓa jin ƙararsu ba." Na ce to walda fa? Ya nuna mini allo. Ya zana ƙarfe biyu da alli, ya zana sandar walda a tsakaninsu, yara sun kwafa a littafi. Ya ce in jarabawar NABTEB ta matso, sai ɗalibai su yi karo-karo a yi hayar janareta na kwana biyu, a sayo sandar walda 'yar kaɗan, kowa ya ɗiga sau ɗaya. Ya ƙara da cewa, "Ni kaɗai na rage a wannan sashe. In na tafi, ban san wa zai buɗe ƙofar nan ba." Na fito raina a ɓace, na kai yaron wurin wani mai walda a bakin titi.

Mai girma Gwamna, kuɗin tafiyarka ɗaya da 'yan rakiya ya isa ya mayar da wayar nan, ya rufe kwanon, ya sayi sandar walda ta shekara guda. Ka san haka, na san haka.

Wannan cuta ba yau ta fara ba. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an ce kowane yaro zai taɓa aikin hannu a ƙaramar sakandare. Aka kashe maƙudan kuɗi aka sayo kayan aikin katako da ƙarfe da lantarki daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da yawa akwatunan ko buɗe su ba a yi ba, domin babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya iya. Suka yi tsatsa, wasu aka sace. Kwangilar sayen kaya ita ce abin so, domin a cikinta ake samun kaso. Horar da malami da biyansa albashin da zai hana shi gudu kuwa babu wanda yake samun komai a ciki, shi ya sa har yau ba a yi.

Abin da kuka maye gurbin makarantun da shi ya fi komai ban haushi. A tara matasa dubu a filin wasa, a ce an koya musu sana'a cikin sati biyu: haɗa sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta. A raba keken ɗinki da baro da injin markaɗe, a ɗauki hoto, kafin magariba rabin kayan sun isa kasuwa. Ku ji tsoron Allah, wannan ba horo ba ne. Mai waldar bututu yana buƙatar shekaru yana ƙona hannu kafin a amince masa. Mai gyaran injin da kwamfuta ke sarrafawa sai ya san lissafi da lantarki da Turancin littafin injin. Babu mai jarin da zai haye teku saboda jiharku na da mutum dubu goma da suka iya sabulun ruwa. Kuma 'ya'yanmu mata, da kuka taƙaita su ga ɗinki da kitso da girki, suna da ido da natsuwar da ake nema a aikin harhaɗa kayan lantarki da gwajin magunguna, kamar takwarorinsu na Tanja.

Sannan ga cin fuskar da ake yi wa masu babbar difloma. Yaro ya yi shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi shekara guda a masana'anta, ya koma ya ƙara biyu, ya fito da HND, sai a ce masa shi ƙasa yake da mai digiri, akwai matakin da ba zai wuce ba a aikin gwamnati sai ya sake karatu. Majalisar Tarayya ta zartar da dokar soke wannan bambanci a 2021, ba a sa mata hannu ba har gwamnatin lokacin ta sauka. Yara ba wawaye ba ne, sun ga inda aka fifita. Shi ya sa a fom ɗin JAMB kusan kowa jami'a yake cikewa, kwalejin fasaha sai wanda ya rasa gurbi. Maimakon a gyara, sai kowane ɗan majalisa ya tashi da ƙudurin a mayar da kwalejin garinsu jami'a, kowane gwamna ya kafa sabuwar jami'a a ƙaramar hukumarsa, ba tare da ya iya biyan albashin wadda ya gada ba, yana jiran TETFund ta zo ta gina masa azuzuwa. Abin ya kai ga a Agustan 2025 gwamnatin tarayya da kanta ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai, domin an wayi gari wasu ba su da ɗaliban kirki. Injiniya ɗaya yana buƙatar masu fasaha da yawa a bayansa kafin masana'anta ta motsa. Mu mun kifar da dalar, kanta a ƙasa gindinta a sama.

Malaman jami'a da na kwaleji, ku ma ba ku tsira ba. Na yarda an zalunce ku, an karya alƙawuran da aka yi muku, albashinku ba ya kai ku ƙarshen wata. Amma a 2020 jami'o'i sun rufe wata tara, a 2022 wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kwalejojin fasaha kuma sun taɓa rufewa fiye da wata tara daga 2013 zuwa 2014. Kamfanin da ke tsara cewa nan da shekara huɗu zai ɗauki injiniyoyi hamsin daga makarantarku, da wace kalanda zai yi lissafi? Mafi yawan alhakin yajin aikin nan na wuyan gwamnati. To, amma wa ya hana ku sabunta takardun da kuke karantarwa da su tun kuna ƙananan malamai? Wa ya hana shugaban sashen injiniya ya taka zuwa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a Kano ya tambayi masu masana'antun da suka rage irin yaran da suke so? Shirin SIWES, da aka ƙirƙiro don ɗalibi ya yi watanni a wurin aiki na gaske, ya koma cika littafi a gida a kai wa wani ya buga hatimi, kuma kun sani kuna ba da maki. Ɗalibi ya fito da digirin injiniyan lantarki yana tsoron buɗe akwatin mita. Wannan amana ce kuka ci, ba ta gwamnati kaɗai ba.

Ku duba abin ta idon mai kamfani. Ya yi shekara da shekaru yana biyan harajin ilimi daga ribarsa, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari a 1993 ya kai kashi 3 a 2023. Yana biyan kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga asusun ITF, da aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu. Bayan duk wannan, in ya ɗauki yaro sai ya sake koya masa aikin daga farko da kuɗinsa. Ya biya sau biyu ke nan a kan abu ɗaya. Da ake gina matatar Ɗangote a Lekki, mai tace ganga 650,000 a rana, an yi ta surutu a kan dubban ma'aikatan da aka kawo daga Indiya, kuma sai da kamfanin ya tura ɗaruruwan matasan injiniyoyinmu waje suka koyo aikin. Masu surutun sun yi fushi da mai matatar. Ni da waɗanda suka riƙe makarantunmu shekara arba'in nake fushi. Kai, bar ta matata: shiga duk wani babban gini a Abuja ko Kano ka tambayi wa ke sa tayil, wa ke yin silin. Sau da yawa za ka ji 'yan Togo ne ko 'yan Kwatano, alhali yaran unguwar na zaune a bakin ƙofa suna jiran a kira su ɗaukar bulo.

Mu iyaye ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne muke tambayar mai neman auren 'yarmu a wane ofis yake, in aka ce bakanike ne mu ɓata fuska, in aka ce mai digiri ne yana jiran aiki mu ce Allah ya kawo. Mu ne muke kai yaron da ya fi ƙoƙari jami'a, wanda muka yanke wa ƙauna mu ce a kai shi gareji. Mun gaji raina maƙeri da majemi da marini, alhali su ne suka sa aka san ƙasar nan a duniya. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a nan, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Larabawan Gadamas da suka zo suka zauna a cikin birni da dukiyarsu, ba wani sarki ne ya bi su da takardar yarjejeniya ba. Shunin Kura da karofin Ƙofar Mata da jar fatar akuyar Sakkwato da majemanmu suka gyara su ne suka kira su. Su ne masu zuba jarin waje na wancan zamani, kuma gwanintar hannu suka biyo ta cikin Sahara.

Gwanintar nan ba ta mutu ba, a wajen makaranta take zaune. Je ka Panteka a Kaduna ka ga yaran da ba su gama firamare ba suna ƙera injin casar shinkafa da na niƙa da tukunyar gidan burodi daga tarkacen ƙarfe. Abin da suka rasa shi ne lissafi, da karatun zane, da ƙa'idar kare kai, da takardar shaidar da kamfanin waje zai gane. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban kwalejin Kaduna har ya koma hukumar NBTE, ya yi ta ƙoƙarin haɗa Panteka da kwaleji a ba masu sana'ar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta fito da shirin karatu kyauta da alawus na wata ga masu shiga makarantun fasaha. Na yaba da duka biyun. Amma mafi yawan makarantun koyon sana'a na jihohi ne, kuma alawus ba ya kunna injin da aka sace wa waya. In jihohi ba su ɗauki nasu kason ba, yaro zai karɓi kuɗin ya zauna a gaban allo yana kwafar zanen walda.

Ga abin da ke tafe, kuma ba ɓoyayye ba ne. Tun 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano ta Abuja da Kaduna. Tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In gas ya iso, ana sa ran tashoshin wuta da masana'antun taki da na sarrafa amfanin gona. Wace jiha ce cikinku ta zauna ta ƙirga masu waldar bututu nawa, masu aikin gas nawa, masu gyaran siginar jirgin ƙasa nawa za a buƙata, ta fara horar da su tun ranar da aka fara haƙa? Shekara biyar ta wuce, lokacin da ya isa a yaye aji biyu. An kafa jami'ar sufuri a Daura, akwai cibiyar fasahar sufuri a Zariya tun 1986, amma wa ya haɗa su da makarantun sana'a na Kazaure da Katsina da Maraɗi, inda yaran da za su riƙe sufana suke? Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar ta kusa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, soke tafiya ta gaba. Ɗauki kwamishinan ilimi da na kuɗi a mota ɗaya, ba jiniya, ba sanarwa, ku je makarantar koyon sana'a mafi kusa da gidan gwamnati. Ka sa a buɗe ɗakin aikin hannu, ka danna maɓallin injin farko da hannunka. In bai tashi ba, ka tambayi malamin dalili, ka saurare shi har ya gama, domin shekara da shekaru babu wanda ya tambaye shi. Ka tambaye shi albashinsa, da shekarar da aka ɗauki malami na ƙarshe a sashensa. Daga nan ku wuce wurin masu masana'antun da suka rage a jiharka, waɗanda suka jure rashin wuta ba su gudu ba, ka ce su rubuta maka sana'o'i biyar da suke rasa masu yi, ka ba su kujera a hukumar gudanar da makarantar da ikon gyara manhaja. Dattijon malamin da na gani saura masa shekara biyu, kuma har ranar da na bar wurin babu wanda aka turo ya koyi aikin a hannunsa.